Hajiya Rabi Ba Ta Kallon Fim Sai da Tafinta

Shekara tara ke nan da rasuwar matata, Hajiya Rabi, mai sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar. Waɗanda suka san ta a nan Bangui za su tuna ta da almakashin da take ratayawa a wuya da igiya, da yadda ba ta yarda a yanka yadi sai mai saye ya ga awon da idonsa. Ni kuwa da na zauna da ita sama da shekara arba'in, ba kasuwa ce ta fi dawo mini ba. Ranar Lahadi ce bayan la'asar, a ɗakinta. Ga tele, ga butar shayi, ga soyayyar gyaɗa a faranti. Ita tana kan kujerarta ta katako, ni ina kan buzu, ina gaya mata abin da mutanen cikin fim suke cewa.

A shekarun baya nakan tuna da ita a masallaci da cikin gida kawai, in yi sadaka, in yi shiru. Bana na ɗauki alƙalami saboda wani abu da ya faru da jikarmu, wanda na tabbata da ba don wata al'adar Hajiya ba, da ba haka ya ƙare ba.

Direban babbar mota nake a ƙuruciyata, daga baya na koma fataucin kaya. Hanya ce ta koya mini harsuna. Hausa na tashi da ita a gida, Sango a titi, Faransanci a makaranta da kan iyakoki, Larabci a wurin abokan aiki 'yan Chadi, na ƙara shi a Jidda da Misira, Fulatanci kuma a hanyar Kamaru. Duk garin da na sauka, in akwai gidan silima nakan leƙa. Na ga mutanen Douala suna yi wa jarumi ihu kamar yana jinsu. Na ga na Ndjamena suna kallo shiru kamar masu zaman makoki, sai an fito a ɓarke da gardama. A Kano kuwa na ga ƙattin maza suna share hawaye da hula, suna cewa hayaƙin taba ne. Amma duk wannan kallon maza ne, cikin taro. Ban san akwai wani irin kallo daban ba sai da na kawo akwatin bidiyo gida.

Daga Douala na sayo shi, da kaset-kaset cikin kwali. Wutar Bangui kowa ya san halinta, tana zuwa ne in ta ga dama, don haka na haɗa shi da tsohon batirin mota. Hajiya tana jin Hausa da Sango, Faransancinta kuma bai wuce na ciniki ba. Fim ɗin farko na Indiya ne, da rubutun Faransanci a ƙasa. Aka fara, ta dube ni ta ce, "Malam, me ya ce mata?" Na gaya mata. "Ita kuma ta ce me?" Na gaya mata. Daga ranar na zama tafinta, ban kuma sauka daga wannan muƙami ba har ta koma ga Allah.

Aikin ba sauƙi gare shi ba, domin Hajiya da idon mai awo take kallo. Idan mace ta yi doguwar magana a fim, ni kuma na taƙaita na ce, "Ta ce ba ta yarda ba," sai ta ajiye kofin shayi ta ce, "Malam, ka rage mini yadi. Awo bai cika ba. Mayar baya." Dole in mayar, in faɗa daki-daki, har da inda matar ta yi ajiyar zuciya.

Tana da ra'ayi a kan kowane irin fim na soyayya, kuma ba ta ɓoye shi. Na Faransawa ba su daɗe a gidanmu ba. Ta ce mutanen ba su gama gaisawa ba sun fara abin da zai sa a nemi rimot a guje in yaro ya shigo, kuma fim ɗin da mutum zai kalla yana sauraron motsin ƙofa ba na gida ba ne. Na Indiya tana sonsu saboda akwai iyaye a ciki, akwai haƙuri, akwai jira, ko da yake takan yi tsaki in jaruma ta canza kaya sau da yawa cikin waƙa ɗaya, ta ce, "Wa zai wanke mata duk waɗannan?" Na Kano tana cewa 'yan uwanmu ne, sun san kunya, sai dai ba ta buƙatata a kansu, don haka takan kalle su da maƙwabta ranar da ba na gari. Waɗanda suka fi kwanta mata su ne tsofaffin na Misira, baƙi da fari, inda masoya ke da sana'a. Wannan tela ne, waccan malamar makaranta, ana ganin tukunya a kan wuta, ana ganin haya da surukai. Takan ce ita ba ta yarda da soyayyar mutanen da ba a taɓa ganin suna cin abinci ba. Kuma ta fi son fim ɗin da ya fara bayan an ɗaura aure a kan wanda ya ƙare ranar biki. A ganinta, kowa ya iya kaiwa ranar biki.

Mu mutanen wancan zamani ba ma zama mu ce wa juna ga abin da ke raina. Ita ba ta taɓa kiran sunana ba har ta rasu. Amma a gaban tele bakinmu a buɗe yake, domin ba maganarmu muke yi ba, ta waɗancan ce. Na tuna wani fim da miji ya tafi neman arziki wata ƙasa, ya dawo wa matarsa da akwatuna. Na ce ai ya kyauta. Hajiya ta ce, "Tambaye shi, akwatunan za su yi mata hira?" Na ce ai ba ya ji, hoto ne. Ta kurɓi shayi ta ce, "Na san wanda yake ji." Ba a daɗe ba na bar tafiye-tafiye masu nisa, na tsaya a kan hanyar Douala kaɗai.

A shekarun rikici, lokacin da mutum ba ya iya wuce bakin unguwa, kasuwa a rufe, maƙwabta da yawa sun tafi Kamaru da Chadi, mu mun zauna. Kaset ɗin da muke da su muka riƙa maimaitawa, murya a ƙasa. Ta haddace su kamar yadda na haddace, amma duk da haka sai ta ce, "Me ya ce mata?" Ni kuma in faɗa kamar yau muka fara gani. Ina jin abin da ya riƙe mana hankali ke nan, bayan salla.

Daf da ƙarshen rayuwarta aka fara kawo finafinan Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa. Na samo ɗaya da murna, na ce yau tafinta zai huta. Ta kalla kaɗan, ta ce in kashe. "Wannan mai maganar, in na tambaye shi zai amsa mini?" Na ce a'a. "In na ce masa ƙarya yake yi, zai yi musu?" Na ce a'a. Ta ce, "To mayar wa mai shi. Kai kuma in shi yana magana, me za ka yi? Barci?" Na yi dariya a lokacin. Sai bayan ba ta na gane ba labarin fim ɗin take bi ba tun farko.

Tun da ta rasu ban ƙara kunna fim ba. Ba alwashi na yi ba. Kawai dai ban ga wanda zan gaya wa ba.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Finafinan soyayya sun cika gari fiye da kowane lokaci. A kasuwa za a zuba maka su a waya ko a ɗan abin nan da ake zurawa a jikin tele, wanda yara ke kira kile. Akwai na Turkiyya masu tsawo da ba sa ƙarewa, akwai na Koriya, duk an juya su Faransanci. Amma kowa da nasa yake kallo, waya a hannu, igiya a kunne. Nakan wuce ta unguwar Yakite in ga mata da miji a kan benci ɗaya, kowa yana murmushi, ba wanda ya san abin da ya ba ɗan uwansa dariya.

A farkon daminar bana jikata ta shigo gidana da jaka. Ɗiyar ɗana Bala ce, ta fari, kuma sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Aurenta bai cika shekara biyu ba. Mijinta Idrisa mai gyaran waya ne a kasuwa, suna zaune a unguwar Kokoro. Ubansa ɗan Bangui ne, uwarsa 'yar Chadi, yaro mai salla, mai riƙon amana. Ni dai ban taɓa jin wani ya kawo ƙararsa ba.

Na ce, "Amaryata, kin dawo wurin mijinki na gaskiya ke nan?"

Ba ta yi dariya ba. Da Sango ta amsa, don Hausarta takan gudu in ranta ya ɓaci. Ta ce ba za ta koma ba. Na tambaya ko ya dake ta, ta ce a'a. Ko yana barinta da yunwa, ta ce a'a. Ko ya ga wata, ta ce bai ma iya ganin kowa ba. "Kaka, a gidan nan ni da firij ɗaya muke. Firij ma ya fi ni, shi in ya yi ƙara ana zuwa a duba shi." Ya dawo daga kasuwa, ya ci, ya ce ya gode, ya ɗauki waya. Ita ma ta ɗauki tata, ta kalli maza a fim suna yi wa matansu magana har da kuka, ta ɗago ta ga nata yana kallon ƙwallo.

Bala ya zo washegari. Shi uba ne, ita kuma 'yar fari, ko sunanta ba ya iya kamawa, balle ya zaunar da ita ya tambaye ta abin da ke tsakaninta da miji. Ya tsaya a zaure ya ce, "Baba, kawunnan yaron sun aiko za su zo. In yarinyar nan ba ta so, a rabu lafiya, kada a ɓata zumunci." Na ga cewa in har manya suka zauna, magana za ta zama ta manya. Za a tambayi laifi, ba za a samu ba, za a ce ko ta koma dole ko a sallame ta, kuma na san jinin Hajiya, ba za ta koma dole ba. Na ce masa ya roƙe su su dakata mini har Lahadi ta wuce.

Abin da uba ba zai iya ba, kaka yana iyawa. Mu da jikoki wasa ne tsakaninmu, ba kunya. Na aika wa Idrisa cewa telena ya lalace, ya zo ya duba, ya kuma nemo mini wani tsohon fim na Misira da na kwatanta masa, ya zubo a kile, kada ya kuskura ya kawo wanda aka fassara. Ya zo Lahadi bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, da jakar kayan aikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ido a ƙasa.

Na ce, "Ɓarawon matata, ka sace ta ka kasa riƙewa, ga ta ta dawo wa mai ita. Shiga ka gyara mini tele, aikin da ka iya ke nan."

Tele ba abin da ya same shi sai ƙura. Ya goge, ya haɗa da batirin sola, hoto ya fito. Na kira Ummi ta kawo shayi ɗakin kakarta. Ta shigo, ta gan shi, ta juya za ta fita. Na ce, "Zauna. Kujerar mai sunanki ce, ba wanda ya hau ta tun da ta tafi." Wannan ya tsayar da ita. Na ɗauko langar Hajiya, wadda take zuba goro a ciki, na ce kowa ya sa wayarsa, na rufe. Sannan na gaya musu dokar ɗakin: a nan ba a kallon fim sai da tafinta. Ummi ba ta jin Larabci. Ni kunnena ya yi nauyi, wannan kuma gaskiya ne. Saura mutum ɗaya.

Idrisa ya ce, "Kaka, Larabcina na Chadi ne, na mahaifiyata. Na waɗannan rabi nake ji."

Na ce, "Rabin ya isa. Ni da kwata na fara."

Labarin wani mai gyaran agogo ne da matarsa. Mutum ne mai kirki, ba ya magana. Da aka nuno shi ya sunkuya a kan tebur da ɗan ƙaramin sukurdireba, Ummi ta harare ni ta ce, "Da gangan ka zaɓo wannan." Na ce, "Da gangan mana. Kin taɓa ganin tsoho ya yi abu ba da gangan ba?"

Farkon fassarar abin tausayi ne. "Ya ce sannu." "Ta ce abinci ya nuna." Gumi yana keto masa. Can matar ta tsaya a bakin taga ta yi wa mijin magana mai tsawo. Idrisa ya ce, "Ta ce tana fushi." Ummi ta juyo gaba ɗaya. "Duk wannan? Tun ɗazu matar nan take magana, kai ka ce tana fushi? Ai ina da ido, na ga tana fushi. Me ta ce?" Muryar ba tata kaɗai na ji ba. Na ce, "Kakarki cewa take yi an rage mata yadi. Mayar baya, Idrisa, ka cika awo."

Ya mayar. Ya saurara, ya sake mayarwa. Sannan ya fara faɗa da Sango, a hankali, jimla bayan jimla: cewa matar ta ce ta san sautin kowane agogo a shagon amma ta manta sautin muryarsa, cewa ba ta neman zinariya, tana so ne in ya dawo ya gaya mata ko da wanda ya taka shi a hanya. Ya faɗa duka da bakinsa, ita kuma tana kallon bakin, ba tele ba.

Ummi ta ce, "Da ni ce ita, da tuni na tafi."

Idrisa ya danna rimot, hoto ya tsaya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce mutumin nan ba ƙinta yake yi ba. Tun safe mutane ke tsaye a kansa, wannan ya ce an ɓata masa, wancan ya ce an sace masa abu a ciki, kowa da ihu. Gida ne kaɗai inda ba wanda ke tuhumarsa, shi ya sa in ya shigo yake yin shiru, don a nan ne yake jin ya iso. Kuma tana zaton bai san matan fim suna da maza masu iya zance ba? Ya sani. Shi ya sa ma ba ya farawa, don ya san ba zai kai su ba.

Ta ce, "To ya gaya mata mana! Ita boka ce da za ta sani?"

Nan na ji ana kiran magariba. Na ɗauki buta da sandata, na ce su ci gaba, na bar ƙofa a buɗe. Da na dawo, hoton yana nan inda aka tsayar da shi, mai agogo da baki a buɗe, shayi ya huce, su kuma ba su ma ji shigowata ba. Ba su gama fim ɗin ranar ba. Ba ta kuma bi shi ranar ba, kada in ƙara wa labari gishiri. Amma da zai tafi ta raka shi zaure, na ji tana cewa, "Lahadi ka zo da wuri, ka kuma tambayi mamanka kalmar nan da ka kasa."

Kawunnan ba su zo ba. Bayan 'yan makonni ta ɗaure jakarta da kanta, ta ce in ba ta langar. Na ba ta. Bala ya same ni a masallaci ya ce, "Baba, me ka gaya musu?" Na ce ban gaya musu komai ba, aikin uwarka ne. Ya dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni.

Idan wani ya tambaye ni yau wane fim ɗin soyayya ya kamata mutum ya kalla a gida da iyalinsa, ba zan ba shi suna ba. Zan ce ya nemi wanda zai iya kallo ƙofa a buɗe, wanda mutanensa ke da sana'a da tukunya, kuma in da hali, wanda ɗayansu kaɗai ke jin harshensa. In duk suna ji, to su ajiye rimot a tsakiya, kowa ya sami ikon tsayarwa ya yi musu. Fim ɗin da aka kalla daga farko har ƙarshe ba wanda ya ce uffan, Hajiya za ta ce asarar batir ce.

Rumfarta a kasuwa yanzu wani ke sayar da cajar waya a ciki. Kaset ɗin sun lalace, akwatin bidiyon ya mutu tun tuni. Atamfofin da ta auna wa matan unguwar nan sun koɗe, an yi tsumma da su. Abin da ya rage shi ne wannan zaman. Ummi da Idrisa sukan zo mini wata Lahadin, da langa a hannu. Yanzu juyi suke yi: in na Larabci ne shi ne tafinta, in na Kano ne ita ce, tana juya masa Sango, kuma Hausarta ta fara dawowa, don in ta maƙale dole ta tambaye ni. Ni kunnena ya ƙara nauyi, ba na jin tele sosai. Sai su zaunar da ni a kujerar katako, Ummi ta matso kusa tana maimaita mini da ƙarfi. Duk shekarun nan ina kan buzu ina zaton ni ke yi wa Hajiya hidima, ban san daɗin da ke kan kujerar ba sai da na hau ta: mutum naka ya juyo gare ka, ya ga ko ka gane, ya jira ka yi dariya.

Lahadin da ta wuce wata mata ta yi doguwar magana a fim, Ummi ta ce mini, "Ta ce ta yafe masa." Ban san lokacin da na ajiye kofi ba. Na ce, "Amaryata, awo bai cika ba. Mayar baya."

Allah ya ji ƙan Hajiya Rabi, ya haskaka kabarinta, ya sada mu a inda ba a buƙatar tafinta. Ko da yake na san ta. Ko a can, sai ta juyo ta ce, "Malam, me suka ce?"